Darɓar Ayaba a Wani Lambun Bakin Kogin Kaduna: Yadda Ta Yaɗu da Yadda Aka Shawo Kanta

Asalin lambun: Yunin 2022 zuwa Oktoban 2023

Lambun da wannan nazari ya shafa yana cikin wata fadama a bakin Kogin Kaduna, a yankin ƙaramar hukumar Igabi. Mai shi dattijo ne da ya daɗe yana noman rani na tumatir da attaruhu da alayyafo. Da ya ga faɗuwar farashin tumatir a lokacin kakarsa tana cinye masa riba shekara bayan shekara, sai ya ware kusan rubu'in hekta ya sa ayaba, domin ita tana ba da nono a lokuta daban-daban, kuma yawancin wadda ake sayarwa a kasuwannin garin Kaduna daga kudu ake kawo ta a mota.

A watan Yunin 2022 ya dasa gindi 240, da tazarar mita uku tsakanin kowane gindi da ɗan'uwansa. 'Ya'yan ayaba 180 ya samo su daga lambun wani ɗan'uwansa da ke wajen Kachia, sauran 60 kuma maƙwabta ne suka ba shi. Dukkansu an dasa su yadda aka cire su, da ƙasar da ke jikinsu da tsofaffin ɓawon kara, ba a fere su ba, ba a wanke ba. Da rani yana ban ruwa da inji sau biyu a mako, takinsa kuma kashin kaji ne da ɗan takin zamani.

Shekarar farko ta yi kyau. Ya fara sarar nono a tsakiyar daminar 2023, kuma saboda yana da niyyar faɗaɗa lambun, bai rage ko ɗaya daga cikin 'ya'yan da ke fitowa a gindi ba. Zuwa watan Oktoba akwai gindin da ke ɗauke da kara takwas ko tara a cunkushe, busassun ganyaye na rataye har ƙasa, ciyawa kuma ta rufe tsakanin layuka.

Bayyanar matsalar: Nuwamban 2023

Abin da aka fara lura da shi ba darɓar ba ce, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan jikin shuka, kiyashi ne. Yaron da ke taya shi aiki ya ga layin kiyashi yana hawa da sauka a jikin kara, ya kuma ga sun gina 'yan rumfuna na ƙasa a gindin wasu ƙananan ayaba. Bayan kamar mako biyu sai ganyayen ƙasa suka fara danƙo, wani baƙin abu mai kama da kunkunniya ya lulluɓe su, har ya taɓa bayan 'ya'yan wasu nonna. Mai sarin ayaba da ya saba zuwa lambun ya ƙi ɗaukar nono huɗu saboda baƙin, sauran kuma ya rage musu kuɗi.

Da dattijon ya ja ɓawon karan wata ƙaramar ayaba, sai ya tarar da su a ciki: 'yan ƙwari launin ƙasa-ƙasa mai duhu, wasu sun kusa zama baƙi ƙirin, kowanne bai wuce milimita biyu ba, sun taru ɗaruruwa a inda ɓawo ya rungumi kara, manya da ƙanana a haɗe, kiyashi na yawo a kansu. Ya san darɓa a dawa da wake, amma bai taɓa ganin ta a ayaba ba.

Matakan farko: Disamban 2023 zuwa Janairun 2024

Ya fara da toka, kamar yadda yake yi wa alayyafo. An barbaɗa ta a gindi da kan ganye, ban ruwa na gaba ya wanke ta ƙasa, iskar hunturu ta kakkaɓe ta sama, kuma babu abin da ya canja.

Daga nan ya je shagon magungunan gona aka ba shi maganin feshi mai sinadarin cypermethrin, wanda ya saba amfani da shi a tumatir. An yi feshi sau uku a cikin Disamba, kwana goma tsakani, da injin goyo mai lita 16, ana watsa maganin a kan manyan ganyaye daga sama kamar yadda ake yi wa kayan miya. Bayan kowane feshi kiyashi yakan ɓace na kwana biyu ko uku, a ga kamar an yi nasara, amma kafin mako uku da feshin ƙarshe darɓar ta fi da yawa, kuma ta bayyana a layukan da a baya babu ita.

Wani maƙwabci ya ba da shawarar kananzir. An zuba kaɗan a maƙogwaron ƙananan ayaba goma don gwaji. Darɓar da ke wurin ta mutu, amma ganyen tsakiya ya ƙone, kuma bakwai daga cikin goman suka ruɓe.

Mataki na ƙarshe a wannan zango shi ne sara. A farkon Janairu an sare duk karan da ya fi kamuwa da adda, aka tara su tuli guda a gefen yamma na lambun domin su bushe. Cikin mako biyu layuka uku da ke kusa da tulin, waɗanda su ne mafi lafiya a da, suka cika da darɓa.

A ƙarshen watan ne abin da ya fi tayar masa da hankali ya bayyana. Gindi goma sha ɗaya sun tsaya da girma, sababbin ganyayensu na fitowa gajeru, sirara, a miƙe, a cunkushe a saman kara, gefensu ya yi rawaya. Dattijon ya ɗauka sun mutu ke nan, ya fara magana da wani direba da ke jigilar agada daga kudu maso yamma a kan ya kawo masa 'ya'yan ayaba 200, ya maye gurbin waɗanda suka lalace, ya kuma faɗaɗa lambun da sauran.

Zuwan malamin gona: Fabrairun 2024

Ɗansa ne ya nemo wani malamin gona, wanda ya zo a makon farko na Fabrairu. Kafin ya ce komai sai da ya zagaya lambun yana duba kowane gindi na biyar, yana buɗe ɓawon kara daga ƙasa, yana leƙa cikin ganyen da bai warware ba. Cikin gindi 48 da ya duba, 41 suna da darɓa, kuma kusan duk wanda ke da ita yana da gidan kiyashi a jikinsa ko a kusa da shi.

Ya bayyana cewa wannan ita ce darɓar ayaba, wadda masana ke kira Pentalonia nigronervosa. Wani likita Bafaranshe mai nazarin ƙwari, Coquerel, shi ya fara siffanta ta a rubuce a shekarar 1859 daga tsibirin Reyuniyon da ke Tekun Indiya, kuma yau tana kusan duk inda ake noman ayaba a duniya, domin tana bin 'ya'yan dashe duk inda aka kai su. Halittarta ce ta sa take wuyar kashewa. A ƙasashe masu zafi ba ta buƙatar namiji kuma ba ta yin ƙwai, mace ce ke haifar mata a raye, su kuma cikin kwana goma zuwa mako biyu sun balaga sun fara haihuwa. Ba ta son rana, don haka zamanta a cikin ɓawon kara ne, da maƙogwaron ganye, da gindin ƙananan 'ya'ya, wani lokaci har ƙasa da saman ƙasa. Tana tsotsar ruwan jikin shuka tana fitar da wani ruwa mai zaƙi. Wannan ruwan ne kiyashi ke sha, shi ne kuma baƙar funfuna ke tsirowa a kai. Kiyashi yana kiwon darɓa ne kamar yadda makiyayi ke kiwon shanun tatsa: yana gina mata rumfa, yana korar ƙwarin da ke cin ta, yana ɗaukar ta zuwa sabon kara. Idan wuri ya cika ko shukar ta fara bushewa, sai a haifi masu fukafukai su tashi su nemi wata ayabar.

Da ya ji labarin 'ya'yan dashe 200 da ake shirin kawowa, sai ya dakata da duk wani bayani, ya ce: "Baba, don Allah ku kira direban nan yau ku ce a fasa. Darɓar da ke lambunku za mu iya da ita, amma abin da zai iya biyo waɗancan 'ya'yan ba shi da magani."

Abin da yake nufi shi ne cutar cunkushewar ganyen ayaba, wadda wani bairos, wato ƙwayar cuta, da masana ke taƙaita sunansa da BBTV ke haddasawa. Ɓarnar da darɓa ke yi da bakinta kaɗan ce idan aka kwatanta da wannan. An fara ba da rahoton cutar a tsibiran Fiji a 1889, aka gan ta a Masar a 1901, ta shiga Ostiraliya a 1913 ta kusa durƙusar da noman ayaba a jihohin gabashin ƙasar a shekarun 1920, kuma a can ne wani mai bincike, Magee, ya tabbatar a 1927 cewa wannan darɓar ce ke ɗaukar ta daga shuka zuwa shuka. Ta isa Hawai a 1989. A Afirka ta daɗe a Kongo tun shekarun 1950, aka gano ta a Jamhuriyar Benin a 2011, sannan a jihar Ogun ta Najeriya a 2012, a ƙauyukan da ke kusa da iyaka. Darɓar da ta tsotsi shuka mai cutar na wasu sa'o'i takan riƙe bairos ɗin a jikinta tsawon rayuwarta, ko da yake ba ta gadar wa 'ya'yanta shi. Adda ba ta yaɗa shi, ƙasa ma ba ta yaɗa shi. Hanyoyinsa biyu ne kacal, darɓa a kusa, 'ya'yan dashe a nesa. Binciken da aka yi a Ostiraliya ya nuna yawancin sabon kamu yana faruwa ne cikin mita 20 daga shukar da ke da cutar, wato darɓa ba ta kai ta nesa sosai, mutum ne ke kai ta a mota. Ayabar da ta kamu tun tana ƙarama ba ta yin nono, duk 'ya'yan gindinta sun kamu, kuma babu wani irin ayaba ko agada da aka tabbatar ba ya kamuwa.

Gindi goma sha ɗaya da aka yi wa alama

Tun da cunkushewar ganye ita ce babbar alamar cutar, sai aka koma kan gindi goma sha ɗayan nan. Malamin gonan ya yanko ganye na biyu daga sama a kowanne, ya ɗaga shi ya saita rana yana duba bayansa. Abin da yake nema shi ne ɗigo-ɗigo da gajerun layuka masu duhun kore da ke bin jijiyoyin ganye, da irinsu a jikin ƙashin bayan ganyen da mariƙinsa, da wasu 'yan ƙugiyoyi masu duhu a inda jijiya ta haɗu da ƙashin baya. Ya goge farar hodar da ke jikin mariƙin da yatsa domin ya gani da kyau. Bai samu ko ɗaya ba.

Ya lura kuma cewa goma sha ɗayan duk suna ƙarshen layi ne a gefen tudu, inda ruwan inji ke isa a makare kuma kaɗan. Ayaba takan rage girma sosai idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 16, abin da daren hunturu a Kaduna kan kai, kuma idan ƙishirwa ta haɗu da sanyi ganyaye sukan cunkushe a sama ba tare da wata cuta ba. Duk da haka bai yanke hukunci ba, saboda alamun cutar sukan ɗauki kamar mako uku zuwa huɗu kafin su fito, wani lokaci fiye da haka. An ɗaura wa kowanne jan ƙyalle, aka fara yi musu feshin sabulu kafin kowa, aka hana cire ɗa daga gindinsu, aka gyara magudanar ruwa zuwa gare su. Aka kuma yi shawara cewa duk wanda ya nuna ɗigon nan za a sanar da hukumar killace kayan gona ta ƙasa, a aika ganyen cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan a gwada, sannan a kashe darɓar da ke kansa tukuna kafin a tumɓuke gindin gaba ɗaya.

Tsarin da aka bi: tsakiyar Fabrairu zuwa Afrilun 2024

An fara da tulin da ke yamma. An jiƙa shi sharkaf da ruwan sabulu, aka daddatse shi, aka binne a rami.

Sannan aka bi lambun layi-layi, kuma a kowane gindi feshi ke zuwa kafin adda, domin kada darɓa ta watse yayin sara. Haɗin feshin shi ne sabulun ruwa kimanin mililita 200 a injin goyo mai lita 16, da ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa kwana guda aka tace, gram 50 a kowace lita. Abin da ya bambanta shi da feshin Disamba shi ne inda ake kai bakin injin. Ba a kula da manyan ganyaye ba ko kaɗan. Mutum ɗaya yana jan ɓawon kara da hannu, na biyu yana cusa bakin injin ciki har ruwan ya kwararo, sai a cika maƙogwaron kowane ganye da na ganyen tsakiya, a ƙare da gindin ƙananan 'ya'ya. Da yamma ake yi, don kada rana ta ƙona ganye. Sabulu ba ya kashe sai wadda ya taɓa, kuma da ya bushe ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa aka maimaita duk mako har sau shida.

Washegarin feshin farko aka rage 'ya'ya. A kowane gindi an bar uku: uwa mai nono, 'ya mai bi mata, da jika. Sauran an cire su, aka cire busassun ganyaye da tsofaffin ɓawon da ya saki, aka share ciyawa. Wannan ne aikin da dattijon ya fi jin nauyinsa, domin a wurinsa kowane ɗan ayaba jari ne, kuma sai da aka yi masa alƙawarin za a zaɓi mafi kyau 60 a tanadar masa don faɗaɗa lambu sannan ya yarda. Waɗannan 60 an fere gindinsu da wuƙa har farin ciki ya fito, aka cire ɓawon waje, aka tsoma gindin a tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30, hanyar da ake bi don kashe tsutsar gindi da ƙananan tsutsotsin saiwa, aka wanke karan da ruwan sabulu. Malamin gonan ya jaddada cewa wannan wankin ba ya kashe bairos, amfaninsa ga ƙwari ne kawai.

Kiyashi ya fi ɗaukar lokaci. An rushe rumfunansu, an tone gidajen da ke tsakanin layuka da fartanya an malala musu ruwa, waɗanda ke nesa da saiwa an zuba musu ruwan zafi, kuma ragowar maganin feshin nan na Disamba a bakin ramukansu kawai aka yi amfani da shi. An kuma cire gwazar da ke bakin magudana aka mayar da ita wani ɓangaren fadama, domin an samu darɓa a jikinta. Akwai 'yar'uwar darɓar ayaba mai suna Pentalonia caladii da ke zama a gwaza da citta, wadda sai a 2010 aka tabbatar jinsi ne dabam, kuma da ido ba a bambanta su.

A ƙarshen Maris aka sake ƙirga gindi 48 ɗin nan, 13 ke da darɓa, su ma 'yan tsiraru. A ƙarshen Afrilu sun koma 4. A lokacin an fara ganin ƙwarin da ke cin darɓa, masu jan baya da ɗigon baƙi, da tsutsotsinsu suna yawo a jikin kara, waɗanda tun Disamba ba a gan su ba.

Damina da dawowar hunturu: Mayu zuwa Disamban 2024

Daga cikin masu jan ƙyalle, tara sun saki ganye mai faɗi tun kafin ruwan sama ya zauna, kuma zuwa Agusta sun fitar da nono, abin da shukar da ta kamu tun tana ƙarama ba ta yi. Biyu ba su farfaɗo ba. Da aka haƙo su aka tsaga gindin, sai aka tarar da ramukan tsutsar gindin ayaba sun huda shi ko'ina, aka daddatse su aka binne. Babu wanda ya nuna ɗigon da ake tsoro.

Da damina an daina feshi, amma an ci gaba da rage 'ya'ya da cire busasshen ganye duk wata, yaron kuma yana buɗe ɓawon wasu gindi duk mako biyu. A tsakiyar Nuwamba, daidai lokacin da matsalar ta fara a bara, an ƙirga an samu 9 cikin 48. An yi musu feshin sabulu sau biyu, su da maƙwabtansu na kusa, an tone gidajen kiyashi huɗu. A ƙarshen Disamba 3 suka rage, babu baƙin danƙo a ganye, kuma mai sari bai mayar da nono ko ɗaya ba.

Hukunci

Feshin Disamba bai gaza saboda maganin jabu ne ba. Magani ne mai kashe abin da ya taɓa, aka zuba shi a inda darɓar ba ta zama, ya kashe ƙwarin da ke cin ta waɗanda su ne ke yawo a fili, ya bar mata wuri ita da kiyashi. Tulin da aka tara a yamma kuwa shi ya tilasta mata tashi zuwa layuka masu lafiya. Tushen yawaitarta shi ne cunkoson 'ya'ya a gindi, kuma mafi kusa ga zato shi ne tun ranar dashe ta shigo a cikin ɓawon da ba a cire ba.

Ba daidai ba ne a jingina duk raguwar Maris da Afrilu ga sabulu da darbejiya. Wannan darɓa ta fi hayayyafa a wajen digiri 25, kamar yadda gwajin da aka yi a Hawai ya nuna, kuma zafin bazarar Kaduna da ruwan sama mai ƙarfi da ya biyo baya suna rage ta ko ba a yi komai ba. Ƙidayar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta Nuwamba da Disamban 2024, domin yanayi ɗaya ne da na bara, lambu ɗaya, amma 9 sannan 3 a maimakon 41 na ƙidayar Fabrairu. Ba a kawar da ita ba, kuma ba za a kawar ba muddin akwai ayaba a lambunan maƙwabta.

Matakin da ya fi kowanne daraja a wannan lamari bai ci ko kwabo ba, wato fasa sayen 'ya'yan dashe 200 da ba a san lambun da za a ciro su ba. A watan Fabrairun 2024 kusan kowane gindi a wannan lambu yana ɗauke da darɓa, kuma da ɗa guda mai bairos ya shigo cikin 200 ɗin, da ya tarar da masu ɗaukar sa suna jira a tazarar mita uku. Lambun da aka faɗaɗa a daminar 2024 da 'ya'yan gida 60 aka faɗaɗa shi, kuma dattijon ya amince cewa idan zai ƙara wani iri nan gaba, daga wurin da ake renon dashe a ɗakin gwaji ana tantance shi zai saya, ko da ya fi tsada.